ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA: MATAN DAURA, BABUR DA WANDON KARIYA



Mun san tun daga kan take wasu za su kwashe da dariya. Za su ce ga tsadar abinci, ga rashin aikin yi, ga matsalar tsaro, amma mujallar ɗalibai ta rasa abin da za ta ɓata takarda a kansa sai wandon mata. To, mai dariya ya yi dariyarsa, amma ya daure ya karanta zuwa ƙarshe, domin watakila fatar ƙanwarsa ko ta mahaifiyarsa muke magana a kai.

A hutun da ya wuce, wata 'yar'uwarmu ɗaliba ta tashi daga cikin garin Daura za ta gai da kakarta a wani ƙauye ta wajen Sandamu. Ta hau acaba kamar yadda kowa ke yi, sanye da zane da dogon hijabi kamar yadda kowace 'yar mutunci ke yi. Ba su yi nisa da barin gari ba iska ta kaɗa gefen hijabin, ya shige cikin wayoyin tayar baya. Kafin ta buɗe baki ta ce wa yaron ya tsaya, an fizgo ta daga kan sirdi, babur ya ja ta a kan kwalta. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, hijabin ya yage kafin ya shaƙe ta. Amma zanen da ke jikinta bai tsare mata komai ba. Fatar cinya da ta gwiwa suka saɓule, ta yi mako shida ana wanke mata ciwo, jarrabawar zangon karatu kuwa ta wuce ta.

Mun je dubiya, mun kuma ji abin da masu dubiya ke faɗi. Wasu suka ce ƙaddara ce. Wasu suka ce yaran acaba ba su da hankali. Wata dattijuwa ta ce ai ita ce ba ta iya tattare mayafi ba. Wani kuma, daga can bakin zaure, ya ce me ma ya kai mace kan babur. Duk cikin masu maganar nan ba mu ji ko mutum ɗaya da ya tambayi abin da ya sa tufar da muke sa wa matanmu ba ta dace da abin hawan da muke ɗora su a kai ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Da ta warke, mu uku muka raka ta neman wandon da ake yi domin kare mahayin babur. Mun zaga kasuwa a Daura, mun je Katsina, mun dangana da Kano. Mun ga hular kwano, mun ga rigar ruwa, mun ga safar hannu ta sanyi. Wandon kariya kuwa guda ɗaya tak muka gani, a wajen wani mai gwanjo, na maza ne, wanda wani Bature ya gama yayinsa. Mai kayan ya dube ta ya ce, "Hajiya, ai mata ba sa sa wannan." Ta saya duk da haka, ta je gida ta gwada. A ƙugu ya yi mata yawa, a kwatangwalo ya ƙi wucewa sai da ƙyar, matashin da aka sa domin gwiwa kuwa yana can ƙasa a kan ƙwauri. Gaskiyar masu iya magana, zanen aro ba ya rufe katara.

SU WA KE KAN BABUR?

Kafin wani ya ce mana wannan matsalar 'yan boko ce, bari mu tuna masa ƙasar da muke ciki. Masarautar Daura ƙananan hukumomi 5 ce: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Ƙasa ce ta rairayi, ta ƙauyuka da rugage a warwatse, inda kwalta ke bin manyan hanyoyi kaɗai, sauran kuwa burtali ne da turba. Da zarar an sauka daga kwalta, abin hawan da ke kai mutum ƙofar gida shi ne babur, in ba haka ba sai amalanke ko ƙafa.

Wa ke hawa? Malamar firamare da aka tura ƙauye a ƙasar Baure. Ma'aikaciyar lafiya da ke ɗauke da akwatin allurar rigakafi. Ungozoma da aka taso cikin dare. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ke son ta riski kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Mai ciki da ke zuwa awo. Ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya, da ta kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Daura a 2019. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan-inna ta daji, manya suka yi jawabai, aka tafa musu. Amma duk wanda ya zauna a ƙauye ya san waɗanda suka bi gida gida suna ɗiga wa yara magani, domin namiji ba ya shiga gidan aure. Mata ne, kuma da yawansu a bayan babur suka isa ƙauyukan nan.

Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Wanda yake da mota ya jingine ta, ya koma goya iyalinsa a babur. Wasu matan ma sun sayi ɗan ƙaramin babur ɗin nan da ake kira roba-roba, suna tuƙa kansu zuwa wurin aiki. Wanda ya ƙetara iyaka ta Kongolam ya nufi Matamai da Damagaram, ko ya je Maraɗi, zai ga mace a kan babur ɗinta ba abin kallo ba ce. Hausawa ne kamar mu, Musulmi ne kamar mu.

Watau dai mace a kan babur ba shawara ce da muke kawowa ba. Abu ne da ya riga ya faru, yana kuma faruwa kowace safiya. Tambayar da ta rage ita ce, da wace irin tufa take hawa?

ABIN DA KWALTA KE YI WA TUFA

Mu yi ɗan lissafi, tun da ɗalibai ne mu. Babur mai gudun kilomita 40 a awa ɗaya yana cin mita 11 a kowane sakan. Kewayen tayarsa bai cika mita 2 ba, saboda haka tayar tana juyawa kusan sau 6 a sakan guda. Hijabin da ya kai idon sawu, idan gefensa ya taɓa wayoyin taya ko cen, ba ya bukatar ko rabin sakan ya naɗe. Babu wata mace, komai hanzarinta, da za ta rigayi wannan taya. Wanda ya ce 'yar'uwarmu ba ta iya zama ba, bai yi lissafi ba.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a duniya. A shekarar 1927, a birnin Nis na ƙasar Faransa, wata shahararriyar 'yar rawa Ba'amurkiya mai suna Isadora Duncan ta rasu nan take, sa'ad da dogon mayafinta ya naɗe a tayar buɗaɗɗiyar motar da take ciki. A Indiya, inda mata ke ɗaura sari mai tsawo irin zanenmu, dokar ababen hawa ta 1989 ta tilasta a sa wa babur makari da zai rufe aƙalla rabin tayar baya, don kada tufar wanda aka goya ta shiga. Abin mamaki, Indiya ɗin nan ita ce mahaifar Bajaj Boxer da ya cika tashoshin acabarmu. Su sun dubi tufar matansu suka gyara doka. Mu kuwa mun karɓi babur, mun bar hikimar a can.

Hatsari na biyu shi ne salansa. Zane ba a yi shi don buɗe ƙafa ba. Mace in za ta hau, ko dai ta ɗage shi ta bar ƙwauri a fili, ko ta zauna a karkace ƙafafu a gefe guda, inda ba ta da abin da za ta dafe da gwiwa in babur ya faɗa rami. Ku tambayi 'yan'uwanku mata a ɗakunan kwana, ku ji nawa ne ke ɗauke da tabon ƙunar salansa a sha-raɓa. Mun saba da tabon har mun daina ganinsa ciwo.

Hatsari na uku shi ne faɗuwa ita kanta. Kwalta magagari ce. Jikin da ya faɗo da gudu ba ya tsayawa inda ya faɗi, sai ya yi ta gurzuwa har ƙarfin gudun ya ƙare, kuma duk abin da ke tsakanin fata da kwalta shi ne ke ɗaukar gurzar. Atamfa ba ta jurewa. Ko wandon jins na yau da kullum, da samari ke taƙama da kaurinsa, a gwajin da masana ke yi ba ya cika sakan ɗaya kafin ya huje. Mafi muni shi ne yadin roba mai sheƙi da ake ɗinka hijabai da abaya da shi yanzu, domin shi da ya ji zafin gurza narkewa yake yi, ya manne a cikin ciwo. Sai ga shi tufar da aka sa don sutura ta zama abin da ma'aikacin asibiti zai yi ta tsincewa daga cikin nama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Wannan lissafin matattu ne. Wadda ta rayu da tabo daga cinya zuwa gwiwa, wadda ta rasa zangon karatu, wadda ƙafarta ta ƙi lanƙwasuwa, ba ta cikin wannan adadi.

MENE NE WANDON KARIYA?

Ba wani sihiri ba ne. Wando ne mai aiki biyu. Na farko, yadinsa ya jure gurza. Ana yin sa da fata, ko da ƙaƙƙarfan yadi irin Cordura, ko kuma jins da aka yi wa shafi daga ciki da zaren Kevlar. Bari mu faɗa wa masu cewa wannan harkar maza ce: mace ce ta gano zaren Kevlar, wata masaniyar kimiyyar haɗa sinadarai mai suna Stephanie Kwolek, a kamfanin DuPont na Amurka a shekarar 1965. Aiki na biyu, a sa masa matashi a gwiwa da kwatangwalo, domin su ne ke fara dukan ƙasa. A Turai har ma'auni suka yi masa, mai lamba EN 17092, wanda ya kasa tufafin babur aji aji, AAA shi ne mafi ƙarfi, sai AA, sai A.

Yana amfani kuwa? A shekarar 2011 an buga wani bincike da Liz de Rome ta jagoranta a ƙasar Ostareliya, a kan mahaya babur 212 da suka yi hatsari. An gano cewa waɗanda ke sanye da wandon kariya, yiwuwar a kwantar da su a asibiti ta ragu da kusan rabi. Ba za mu yi muku ƙarya ba, wando ba ya alkawarin hana karaya, kuma ba ya maye gurbin hular kwano, wadda ita ce gaba da komai. Amma yana tsare fata da nama, su kuwa su ne suka kwantar da 'yar'uwarmu mako shida.

To, ga inda gizo ke saƙa. Duk wannan amfani ya rataya ne a kan abu ɗaya, watau wandon ya zauna daidai a jiki. Matashin gwiwa in ba a kan gwiwa yake ba, nauyi ne kawai. Wandon da ya yi yawa, da an faɗi sai ya juya, kariyar ta koma inda ba a bukatarta. Wanda ya matse kuwa ba ya barin a ɗaga ƙafa a hau, in ma an hau ɗinkinsa ne zai fara fashewa. Ƙirar mace daban take da ta namiji: ƙugu siriri a kan kwatangwalo mai faɗi, cinya cikakkiya, tsawon ƙafa sau da yawa bai kai na namiji ba. Kamfanonin Turai sun daɗe suna ɗaukar wandon maza su rage masa girma, su canza masa launi, su ce na mata ne, har matan can ma suna kuka da su. Idan Baturiya da kanti ke ƙofar gidanta tana wahalar samun daidai da ita, ina ga malamar firamare a Zango?

Har wa yau, awon wandon babur ba a tsaye ake yin sa ba. A zaune ake yi, gwiwa a lanƙwashe, domin a haka za a yi tafiyar. Bayan wandon ya zama mai tsawo don kada ya zame in an sunkuya, bakin ƙafa kuma ya kama idon sawu don kada ya kusanci cen. Wannan aiki ne na tela da ke ganin mai wando, ba na kamfanin da ke wata uwa duniya ba.

GA AMSA GA MASU SUKA

Na farko su ne masu cewa mace ba ta da hurumi a kan babur. Muna tambayarsu, wace mota suka aika wa ungozomar Baure? An gwada wannan ra'ayi a Kano a shekarar 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sa'ad da aka hana 'yan acaba ɗaukar mata. Amma gwamnatin ba ta tsaya ga hani ba, sai da ta kawo babura masu ƙafa uku domin mata, shi ne asalin sunan A Daidaita Sahu. Wancan birni ne mai kwalta. Mai ƙafa uku ba ya ratsa rairayin ƙauyukanmu, balle da damina. Wanda ya hana ba tare da ya tanadi madadi ba, ya yanke wa mai naƙuda hukuncin tafiya a ƙasa ke nan.

Na biyu su ne masu cewa wando ba tufar 'yar Hausa ba ce, ko kuwa ya saɓa wa sutura. Su duba makarantun sakandaren 'yan mata a duk faɗin Jihar Katsina: riga ce da wando da hijabi. Su duba ma'aikatan jinya mata. Su duba matan Pakistan da suka gaji wando kaka da kakanni, ba wanda ya ce sun bar Musulunci. Mu ba mu ce a tuɓe hijabi ba, ba mu ce a yar da zane ba. Cewa muka yi a sa wando a ƙarƙashi, a kuma tattare na sama a lokacin tafiya. Sa'an nan mu tambayi masu kishin sutura da gaske: wace ce ta fi suturtuwa, wadda ta hau da wando har idon sawu, ko wadda ta ɗage zane a tsakiyar tasha, ko kuwa wadda ta faɗi a bakin hanya zanenta ya yi nasa wuri maza suka taru a kanta? Malamanmu sun karantar da mu cewa tsare rai na cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Ba mu ga inda wandon nan ya yi karo da wannan karatu ba.

Na uku su ne 'yan ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma mai faɗin haka shi ne ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu in dare ya yi, shi ne ke ɗaure akuyarsa kafin ya kwanta. Ashe ƙaddara sai a kan fatar mace take aiki?

Na huɗu su ne masu cewa tsada da zafi, kuma su kaɗai ne maganarsu ke da nauyi. Gaskiya ne wandon da aka yi a Turai ba kasafai ake samun na ƙwarai a ƙasa da dala 100 ba, watau ya zarce albashi mafi ƙanƙanta na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Gaskiya ne kuma a watan Afrilu zafin Daura kan haura digiri 40, wanda ya sa wandon fata mai kauri a lokacin ya nemi wa kansa wata cutar. Amma wannan hujja ce a kan kayan Turai, ba hujja ce a kan kariya ba. Abin da ta nuna shi ne tilas mu ɗinka namu, da kuɗinmu, daidai da zafinmu.

MUN TAƁA YI, BA YAU FARAU BA

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Magajiya a Daura, ko hawan Sallar Gani, ya ga 'yan lifida. Mene ne lifidi in ba tufar kariya ba? Auduga ce aka cusa tsakanin yadi biyu aka ɗinke, don ta sha dukan da jiki zai sha. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Shekaru fiye da 600 ke nan Bahaushe ya san cewa mai hawa yana bukatar tufa ta daban. Ba mahayi kaɗai ba, har dokin sai da aka ɗinka masa nasa, daidai da jikinsa. Haba jama'a! Kakanninmu sun auna doki sun yi masa rigar kariya, mu jikokinsu masu digiri mun kasa auna 'yar'uwarmu?

Ku dubi kuma wandon hawa na gargajiya, mai faɗi a sama da kamun ƙafa a ƙasa. Faɗin na ba da damar buɗe ƙafa a kan sirdi ba tare da an bayyana surar jiki ba, kamun ƙafar kuma na hana yadi saƙalewa. Wannan ita ce ƙirar da muke nema, telolinmu sun gaje ta, ba sai an koya musu daga Landan ba. Fata kuwa, fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce Turawa suka yi ƙarnoni suna saya da sunan fatar Maroko. Muna da majema, muna da dukawa. Ba sai an yi wando duka da fata ba: ƙaƙƙarfan yadi mai shan iska, a ninka shi biyu, a sa fata da matashi a gwiwa da kwatangwalo da mazauni, a yi ɗinki mai layi biyu ko uku da zare mai ƙarfi. Ba za mu ce zai kai na ajin AAA ba, sai an gwada. Amma tsakaninsa da atamfa akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne a ce a Daura ake wannan sakaci. Garin da jerin Magajiyoyi suka mulka tun kafin a san sarautar maza, garin Daurama da rijiyar Kusugu, garin da muke kai baƙi mu nuna musu muna alfahari da cewa mata ne suka kafa mu. Alfahari da matan da suka shuɗe ba shi da wuya, ba ya cin ko sisi. Kula da na raye shi ne aiki.

ABIN DA MUKE BUKATA

Ba mu neman a kafa dokar da za ta ci tarar mace don ba ta sa wando ba. Mun ga abin da ya faru a watan Janairu 2009, sa'ad da aka tilasta sa hular kwano alhali hular ta yi tsada kuma ta yi ƙaranci: wasu 'yan acaba a Kano suka kifa ƙwarya a ka, duniya ta yi mana dariya. Doka ba tare da kaya ba, ƙwarya take haifarwa. Ga abin da muke nema:

1. Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda aka aza harsashinta a 2019, da kwalejin kimiyya da fasaha, su ɗauki wannan a matsayin aikin bincike. Sufuri bai tsaya ga jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ba. A auna ƙirar matanmu, a gwada yadin da ke kasuwanninmu a kan kwalta, a fitar da samfurin da tela zai iya bi.

2. Telolin Daura, musamman mata masu ɗinki a cikin gida, su karɓi wannan sana'a. Su ne za su iya auna mace a zaune ba tare da kunya ba. Kasuwa ce da ke jiran mai buɗe ta.

3. Ma'aikatun lafiya da ilimi, da ƙananan hukumomin nan 5, su sa wandon kariya da hular kwano cikin kayan aikin duk macen da suka tura ƙauye. Wanda ya san ya ba ta akwatin da zai kare allura daga zafi, ya san ya ba ta abin da zai kare ta ita kanta.

4. Ƙungiyoyin 'yan acaba da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, su haɗa kai a tabbatar kowane babur na haya yana da makarin tayar baya da marufin cen da na salansa. Wannan aikin mai walda ne na yini guda.

5. Fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da hakimai da limamai, su sa baki. Kalma ɗaya daga mumbari cewa wando a ƙarƙashin hijabi ba abin kunya ba ne ta fi takardunmu dubu.

6. Mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata, mu fara da kanmu. Kai da ke goya matarka ko ƙanwarka, kada ka ta da babur sai ka waiga ka ga an tattare mayafi an zauna a kansa. Ke kuma 'yar'uwa, ko da ba ki sami na kariya ba tukuna, kauri ya fi sirantaka, auduga ta fi roba, wando ya fi ƙafa tsirara, takalmi rufaffe ya fi silifa.

Masu iya magana sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A wannan karon ba mu yarda ba. Mu maza da ke cikin masu wannan rubutu, mu ne ke riƙe da kan babur, mu ne ke sayar da yadi, mu ne ke zaune a ofisoshin da ake rubuta kasafin kuɗi, ko kuwa gobe za mu zauna. Ciwon namu ne duka.

'Yar'uwarmu ta koma makaranta. Ta kai wandon gwanjon nan wajen wata mai ɗinki a unguwarsu, aka farke shi, aka rage ƙugu, aka ƙara ƙyalle a kwatangwalo, aka ɗaga matashin ya hau kan gwiwa. Shi take sawa a ƙarƙashin abayarta duk ranar da za ta je wajen kakarta, ba wanda ya taɓa lura. Abin da mace ɗaya da keken ɗinki ɗaya suka yi a yini biyu, ba mu ga dalilin da zai sa ya gagari masarauta guda mai jami'a da kwaleji ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ke da ja a kan abin da muka faɗa, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, ya ɗauki alƙalami. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.